Ɗakin da Mai Kwalba Ya Goge

"Ka ji an sa hannu?"

"A kan me?"

"Ginin nan mana. Za a rushe ɓangaren baya gaba ɗaya, a tada sabon bene, duk ɗakunan bincike. Gaban ne kawai za a gyara a bari saboda tarihi."

"Tun ina da gashi a kaina nake jin wannan waƙar."

"Wannan karon ba waƙa ba ce. Masu zanen gini na tafe mako mai zuwa, ɗaki-ɗaki za su bi suna dubawa. Daga nan a san wanda zai hau sama da wanda zai tsaya inda yake."

"To Allah ya sa su fara da bayan gidanmu."

Mai Kwalba bai ga fuskokin masu maganar ba. Ɗakinsa a ƙarƙashin tsohon ginin kimiyya yake, tagarsa daidai da ƙasa, saboda haka yawancin mutanen jami'a ta ƙafa ya san su. Mutum biyu ne suka tsaya a bakin tagar, ɗaya takalminsa ya sha mai, ɗaya dunduniyar nasa ta karkace, suka gama zancensu suka wuce. Shi kuwa bututun gilashin da yake juyawa a cikin wuta sai ya yi laushi ya lanƙwashe ta inda bai nufa ba, abin da ya daɗe bai same shi ba. Ya jefa shi a kwandon fasassu, ya rage wutar, ya zauna. Tun kafin ya tambayi kansa ko shi za a kai sama, zuciyarsa ta riga shi da wata tambayar: ko ƙanensa za a kai?

Yana da sunansa mai kyau, amma babu mai kiransa da shi a ginin. Ya zo yana saurayi, aikinsa wanke kwalaben da ɗalibai suka ɓata, sunan kuma ya bi shi har furfura. A wancan lokacin wani tsoho ne mai hura gilashi a wannan ɗakin, mutum mai saurin fushi, wanda bai taɓa buɗe baki ya ce ga yadda ake yi ba. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne "matsa" da "miƙo". Mai Kwalba ya koya da ido, sauran kuma yatsunsa suka koya, don gilashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya, sai ka taɓa kake sanin wanda ka ɗauka. Har yau kan yatsunsa sulɓi ne da shi, ba ya jin zafin kofin shayi. Da tsohon ya ajiye aiki, ya miƙa masa almakashinsa da tabaransa mai duhu, ya ce ya ba shi ne don ya ga bai taɓa barin tsatsa ta ci tsofaffin ba.

Tun daga nan duk wanda gwajinsa ke buƙatar abin da ba a sayarwa a kanti, kwalba mai wuya uku, ko bututu mai murɗe kamar hanji a cikin wani bututun, sai ya sauko da zanensa a bayan takarda. Farfesoshi kan sunkuya kafin su shiga wurinsa. Ƙofar ce gajera, amma shi bai taɓa gyara wa kowa fahimta ba. Matarsa kuwa takan ce ita ce matar mai gilashin da duk kofunan gidanta na roba ne.

Shi ya kawo ƙanensa ginin, ya roƙa aka ɗauke shi share ɗakin na'urori a ɓangaren baya. Yaron kuwa baki gare shi, ga rawar kai. Kafin a ce me, ya san wace na'ura ke son a lallaɓa ta, wacce ke son a buga mata gefe, ya fara sa farar riga mai guga da biro uku a aljihu, ɗalibai suka laƙa masa Injiniya. Duk kwas ɗin da ya taso shi ake turawa. Yanzu shi ma ya yi furfura, yana da surukai, amma a idon Mai Kwalba har gobe yaron nan ne da ya taɓa goyawa. A gidan mahaifiyarsu, inda suke haɗuwa kowane ƙarshen mako, ita Inna, Babba da Ƙarami take kiransu. Hoton Ƙarami yana rataye a bangonta, yana tsaye gaban wata na'ura a wata ƙasa, ya sha rigar sanyi yana washe baki. Shi kuwa Babba ya taɓa hura mata wani ɗan tulu na gilashi mai fure a cikinsa, aikin da ya ci masa mako guda. A ciki take tara maɓallai da allura. Duk zuwan da zai yi sai ya dubi hoton, ya dubi tulun, sannan ya gaishe ta.

A ranar da ya ji zancen nan ya yanke shawara. Abin da ya sani a duniyar aiki shi ne, wanda ya riƙe tsoho da kyau shi ake ba sabo. Haka maigidansa ya yi masa. Ɗakin Injiniya kuwa kowa ya san shi: silin ya jiƙe ya yi ciki, bokitai a jere suna tarar ruwa, wayoyi a ƙasa kamar an zubar da igiya. Idan masu zane suka ga wannan, suka ga nasa, ai magana ta ƙare.

Ya kwashe lemun tsamin matarsa da tsohon tawul ɗinta ya tafi da su aiki. Ya kankare fentin famfunan, fenti kan fenti, sai ga tagulla a ƙarƙashi, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Ya shafa wa durowoyin katako mai, ɗaya bayan ɗaya, har masu ƙara suka yi shiru. Ya jawo zugazugin maigidansa daga ƙarƙashin tebur, wanda ake takawa da ƙafa tun kafin a kawo tukwanen gas da na oksijin, ya ɗinke fatarsa ya jingine shi inda ido zai fara sauka. Inda bango ya yi baƙi don laima ya shafe da farar ƙasa. Tsagewar wurin wanke hannu ya liƙe ta. Bututun da ya kamata ya riƙa janye hayaƙi, wanda ya daina ja tun shekarun baya har yakan koma gida da ciwon kai, shi ma ya goge shi tas, ko mai shi ba zai ce ya mutu ba.

Yana kan tsani yana wanke fitila Injiniya ya leƙo.

"Yaya, biki za a yi?"

"Aiki ake yi. Ka san shi?"

"Da ka bar musu abinsu yadda yake, su ga wahalar da idonsu. Ni ƙarin bokiti ma na aro."

Mai Kwalba ya ce ya gode da shawara, kuma a kula da ƙofa wajen fita. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa cewa yau ya ga hassada da ƙafafunta: yaron nan so yake shi ma ya zauna cikin ƙazanta don su zama ɗaya. Ta ce ita dai a dawo mata da tawul.

Shugabar masu zanen mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sunkuya ta shigo, ta miƙe, sai ta tsaya cik. Ta ja durowa ɗaya ta mayar, ta sake ja don jin yadda take tafiya. Ta shafa famfo. Ta tsuguna gaban zugazugin ta tambaya ko yana aiki, ya taka mata, zugazugin ya yi numfashi kamar tsohon bijimi. Ta leƙa waje ta kira abokin aikinta ya zo ya gani, suka yi ta ɗaukar hoto har rana ta take.

"Baba," ta ce, "a duk ginin nan babu inda ya tsira kamar nan. Wa ke kula da shi?"

Ya ce shi ne, kuma ba wani abu ba ne, sabo ne kawai. Da yamma masinjan sashen ya kawo masa labarin ɓangaren baya: ko shiga ɗakin Injiniya ba su yi ba. Sun tsaya a ƙofa, sun ɗaga kai sun dubi silin, matar ta toshe hanci, suka wuce. A wannan makon Mai Kwalba ya ci abincin Inna har da ƙari. Ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce kada ya sa damuwa a ransa, ai ana gyara hali ko da girma ya zo.

Aka tara ma'aikata a babban ɗakin lacca aka haska musu zanen a bango. Ga tsohon ginin da ginshiƙansa da agogonsa, ga sabon bene ya fito ta bayansa, gilashi tun daga ƙasa har sama. Shugaban sashe ya bi shi hawa-hawa yana bayani. Ya ce ɓangaren baya ya lalace ba ya gyaruwa, za a rushe shi, na'urorin da ke ciki da sababbin da za a sayo za su koma hawa na biyu, Injiniya ne zai riƙe hawan gaba ɗayansa. Mai Kwalba ya ji abin ya soke shi, amma ya daure, ya ce a ransa idan mai bokiti ya sami hawa guda, shi sai dai a ba shi biyu. Sai ga hoton ɗakinsa ya cika bango, famfunan suna walƙiya. Shugaban sashe ya ce wannan ɗaki shi ne abin alfaharin ginin, masana sun duba sun ce yadda aka gina shi haka yake, don haka za a bar shi yadda yake, ko ƙusa ba za a buga ba, kuma godiya ta tabbata ga wanda ya riƙe shi. Aka ɗauki tafi. Mai Kwalba ya miƙe ya ɗan rusuna dama da hagu. Yana zama masinja ya matso kunnensa.

"Kai fa ka zauna ke nan."

Sai a lokacin maganar ta isa inda za ta. Ya waiwaya ya hango Injiniya a layin gaba, mutane na miƙa masa hannu.

Matarsa ta saurari labarin har ƙarshe da fuskar jaje, sannan dariya ta ƙwace mata har sai da ta nemi kujera. Ta ce ta sha jin an kori mutum don ƙazanta, amma yau ta ga wanda ya goge kansa daga sabon gini da lemunta. Bai kula ta ba kwana biyu.

Aka kafa shinge, motocin rusau suka shigo. Ɗakinsa kaɗai aka bari yana aiki, aka lulluɓe durowoyin da leda don ƙura. Kullum ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa, kwalabe na kaɗa haƙora a kan kanta. Ta tagarsa kuwa wasu sababbin takalma suka fara wucewa, manya masu ƙarfe a baki, irin na 'yan kwangila, kuma a cikinsu akwai tafiyar da ya sani tun tana rarrafe. An sa Injiniya a kwamitin gini. An ba shi hular kwano fara, da ita yake zuwa gidan Inna, wai mantawa yake yi tana kansa. Ya zauna yana ba ta labarin lifta, da ƙofofin da ke buɗewa da kati, da teburan da ko jirgin ƙasa ya wuce ba sa motsi. Inna ta ce a ɗauke shi hoto da hular. Mai Kwalba ya ce shi dai ya ga tayil ɗin da ake saukewa, irin wanda ke fashewa tun a mota ne, kuma ginin gilashi a wannan rana tanda ce kawai aka yi wa ƙofa.

Ya gwada warware abin da ya ɗaura. Ya daina goge famfo. Ya ɓalle liƙin da ya yi wa wurin wanke hannu, ya bar ruwa na ɗiga. Ya kankare farar ƙasar don baƙin laima ya fito, ya aika a kira mai zane ta zo ta ga gaskiyar ɗakin. Ta zo, ta duba, ta yi masa godiya da ya lura da wuri. Washegari ta turo wasu mutum biyu masu safar hannu da ƙananan burushi, ƙwararru a gyaran tsofaffin abubuwa. Suka yi ta shafa suna hurawa, suka bar ɗakin ya fi yadda ya goge shi kyau.

Da a nan abin ya tsaya, da ya haƙura ya ci gaba da hura gilashinsa yana harara sama. Amma ana gab da gama gini masu kula da gobara suka zagayo. Suka dubi durowoyin katako da suka sha mai, suka dubi tukwanen gas da na oksijin, suka kunna ashana a bakin bututun hayaƙi suka ga ko kaɗawa harshen wutar bai yi ba. Suka ce ba za a ƙara kunna babbar wuta a ɗakin nan ba sai an fasa bango an sa sabon bututu. Mai zane ta ce bangon nan ba ya fasuwa. Aka yi ta kai da kawowa, a ƙarshe aka kwashe tukwanen, aka bar masa wata 'yar fitila da ba ta narka komai sai siririn bututu, don nuna wa baƙi. Gilashin bincike kuwa mai taurin kai ne, ba ya jin irin wannan wuta. Ma'ana, idan bai sami wani wurin ba, aikinsa ya ƙare yana raye, da albashinsa da komai.

A gidan Inna ne Injiniya ya taso da maganar, yana wasa da cokali, bai ɗaga kai ba. Ya ce a ƙarshen hawansa akwai wani ɗaki da aka ja wa bututun gas da na iska, na'urar da aka yi shi dominta ba za ta zo ba, kuma shi aka bar wa ya faɗi abin da za a yi da shi. Ya ce da Yaya zai so.

Da a hanya ya faɗa, su biyu, wataƙila da an daidaita. Amma a gaban Inna ya faɗa, ƙarƙashin sabon hoton nan mai hula, kuma Inna ta riga kowa cewa Allah ya yi wa Ƙarami albarka, ya tuna da ɗan'uwansa.

"Ban kai ga cin sadaka ba tukuna," in ji Mai Kwalba. "In ma na kai, ba a hannun wanda na share wa majina ba."

Injiniya ya ajiye cokalin. Ya ce shi ke nan, in ya ƙara tada zancen nan a canza masa suna. Ya yi wa Inna sallama ya fita, ya bar hularsa a kan kujera.

Aka buɗe gini. Aka ja wata jar igiya a tsakiyar ɗakin Mai Kwalba, baƙi ta can, shi ta nan, aka kafa allon bayani a bakin ƙofa. Aka roƙe shi ya riƙa ɗaura tsohuwar rigar fatar maigidansa idan za a kawo mutane. 'Yan makaranta suka riƙa zuwa layi-layi, da tsofaffin ɗalibai masu tumbi da ke nuna wa matansu inda suka taɓa fasa kwalba. Yakan taka zugazugi, ya ja siririn bututu ya yi musu agwagwa, su tafa. Wata yarinya ta tambayi malamarsu ko shi ma tun da aka gina wurin yake ciki. Da rana in babu kowa sai ya zauna ya ji lifta na hawa da sauka a bayan bangonsa. Ya iya gane lokacin da ta tsaya a hawa na biyu.

Ya je wurin Shugaban sashe. Shugaban ya tarbe shi da fara'a, ya kira shi tarihinmu mai tafiya, ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi, akwai ɗaki a hawa na biyu, ya yi wa ƙanensa magana kawai. Ya tare mai zane ranar da ta zo duba wasu gyare-gyare, ita ma ta ce ba ta da iko da rabon ɗakuna, amma ta ji an ce ɗan'uwansa ne ke riƙe da hawan, ai ya huta. Har masinja ya tambaya, a fakaice, ko babu wani lungu a hawa na uku ko na ɗaya. Masinja ya ce kowane lungu da mai shi, sai dai wannan ɗaya, kuma shi ma wani Dakta ya sa masa ido, firji yake so ya jera a ciki, kullum yana ofishin Injiniya da murmushi. An ce a taron sashe na wannan makon za a rufe maganar.

Matarsa ta daina dariya. Ta ce ta gaji da mutumin da ke dawowa gida ba ƙuna a hannu, ba labari a baki, sai tsaki. Ta ce hawa biyu ne, ba sama ta bakwai ba, kuma wanda zai roƙa ɗin nono ɗaya suka sha. Ya ce ai matsalar ke nan. Da baƙo ne da tuni ya durƙusa masa.

Ana gobe taron, wata malama mai bincike ta sauko riƙe da wani abu a naɗe cikin tawul. Tun tana ɗaliba yake yi mata aiki. Ta warware, sai ga aikinsa na shekarun baya, bututu mai rassa da makullai na gilashi, ya tsage a gaɓa ɗaya wajen ƙaura. Ya karɓa, ya ɗaga shi wajen haske, yatsunsa suka sami wurin da kansu. Aikin rabin yini ne in da wuta. Ta bi ɗakin da kallo, ta ga jar igiya, ta ga 'yar fitilar, sai ta ce au, ta manta, ya yi haƙuri. Ta ce ba komai, za ta sa a yi odar wani daga waje, an ce wata uku yake ɗauka. Ta miƙo hannu. Ya ce ta bar shi a nan tukuna.

Bai shiga lifta ba, don bai san wane maɓalli ake dannawa ba kuma ba zai tambaya ba. Ya bi matakala, gilashin a rungume. A hawa na biyu ya tarar da ƙofa mai kati. Ya manna nasa, 'yar fitilar jikinta ta yi ja. Ya juya shi ya sake mannawa, ta sake yin ja. Ta cikin gilashin ƙofar yana hango doguwar baranda fara fes, ba ƙura, ba bokiti, fitilu a jere a silin, ɗalibai na wucewa da fararen riguna kamar ba sa taka ƙasa. Can ƙarshe wani ya fito yana nuna wa mutum biyu wani abu da biro. Ya hango shi, ya tsaya. Sannan ya taho, ba sauri, ya danna wani abu ƙofar ta buɗe.

"Yaya. Ɓatan hanya ka yi?"

Mai Kwalba ya ce ya zo ne ya ga tayil ɗin da ake ta yabo. Injiniya ya ce to ga shi nan, ya taka a hankali kada ya fashe. Ya wuce gaba, shi yana biye. Sanyi ya ratsa rigarsa. Ko'ina na'urori na gunaguni a hankali, kowace da ɗakinta, kowane ɗaki da taga mai kallon bishiyoyi. Wani ɗalibi ya matsa gefe ya ce sannu Oga, kuma ba da shi yake ba. Ofishin Injiniya da kujera mai juyawa, da tukunyar shayi ta lantarki, da sunansa a ƙofa. Mai Kwalba ya ce kujerar irin mai kawo ciwon baya ce. Ya ce sanyin nan zai kama wa mutum ƙirji. Ya ce fitilun sun yi yawa, ɓarna ce. Injiniya ya zuba masa shayi yana cewa haka ne, haka ne, bai tambaye shi abin da ke cikin tawul ɗin ba, ko da yake idonsa na kai.

Shayin ya huce ba a sha ba. Mai Kwalba ya miƙe kamar zai tafi, amma da ya fito sai ya yi hagu maimakon dama. Ɗakin ƙarshe a buɗe yake, ba komai a ciki sai dogon tebur na dutse. Ga bakin bututun gas, ga na iska, sababbi, ko ledarsu ba a cire ba. A sama ga murfin janye hayaƙi. Ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya kai ta bakin murfin, murfin ya fizge ta ta manne. A ƙasa kuwa wani ya riga ya zana layuka da alli, murabba'i-murabba'i, daidai girman firji.

Ya ji ƙanensa ya tsaya a bayansa, a bakin ƙofa. Ya jira ya ji ko zai ce wani abu. Injiniya ya harɗe hannuwa ya jingina da bango yana duban silin, ya ƙi cewa uffan. Taurin kan nan Mai Kwalba ya san inda aka gado shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda farar rigar ta zauna wa yaron, kamar da ita aka haife shi.

Ya ɗora tawul ɗin a kan teburin dutse ya warware. Ya gyara wa gilashin kwanciya, ya sake gyarawa. Ya yi gyaran murya. Bai juyo ba.

"Ƙarami," ya ce, "gobe in an zo taron nan, ka ce ɗakin nan nawa ne. Roƙonka nake yi."